Numfashina a Ofishin Awaki

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban gama fitowa daga cikinsa ba, saboda haka in na yi tuntuɓe a labarin a yi min uzuri.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za a ɗauka taɓuwa na yi. Sunana Tanimu, facin taya nake yi a bakin tasha a Funtuwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan giya, yau wata biyar ke nan da na ajiye. Matata Lantana tana gidansu da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. 'Ya'yanmu biyu na farko, yayana Haladu ne ya yi musu huɗuba a kunne. Ranar da aka haifi ta farin an neme ni an rasa. Ranar ta biyun an same ni, gara ma a ce ba a same ni ɗin ba. Wannan karon surukata Inna Tabawa ta aiko min da saƙo: in bakina ya kai ranar da tsarkinsa, ni za a miƙa wa jaririn, in kuwa ta ji ko ɓurɓushin wari ne, to Haladu bai mutu ba. Ba abin da nake so a duniya yanzu kamar a ce muryata ce ta fara shigar da sunan Allah kunnen ɗan nan, kuma ba abin da nake tsoro kamar a sake cewa a kira Haladu.

A mafarkin tsakar rana ce. Ina zaune a wajen sana'ata, gindin dalbejiya, ana ruwa, amma ruwan daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Ba wanda abin ya dama. Masu laima sun juyar da ita sun riƙe a wajen gwiwa, mai shayin da ke kusa da ni ya ɗora dutse a kan butarsa don kada shayin ya bi ruwan. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe.

Sai ga wata tayar babur ta gangaro ita kaɗai, ta tsaya a gabana ta yi sallama. Na amsa. Ta ce an aiko ta ne ta gaya min Lantana ta sauka lafiya. Na tambaye ta mace ko namiji, ta ce ba a yanke shawara ba tukuna. Ta kuma ce in hanzarta, don a ƙasar nan kunnen jariri yana buɗe ne muddin ruwa yana tashi, da zarar ƙasa ta bushe sai ya rufe, kuma ta ga Haladu ya riga ya sa farar riga. Duk da haka sai da na danna tayar da babban yatsa, na ji iskarta ta yi ƙasa, na ƙara mata kafin in tashi, don sabo ba ya jin gaggawa.

Ban yi tafiya ba, kawai na gan ni tsugune a zauren Inna Tabawa, kaina a ƙasa, takalmana a waje. Tana zaune a kan turmi da rariyar tankaɗe a hannu. Ta miƙo rariyar saitin fuskata ta ce in hura. Na buɗe baki na hura, ba abin da ya fito. Na sake, ko gezau. Ta kaɗa rariyar ta leƙa cikinta, ta ce dama ta sani, numfashina ba ya jikina. Wai tun ranar da na daina sha aka tsince shi yana gararamba shi kaɗai a bayan layin dogo yana nemana, hukuma ta kama shi ta kai ofishin ajiya.

Na ce, ba tare da na ɗaga kai ba, "To Inna, da me nake rayuwa duk wata biyar ɗin nan?"

Ta ce, "Da haƙurin 'yata. Je ka karɓo naka."

Ofishin na awaki ne. Ban yi mamaki ba, sai dai na ji haushin layin. Da na kai gaban tebur na tarar da wata jar akuya mai tabarau, ta turo min takarda ta ce in rubuta tun yaushe rabona da sha. Na rubuta wata biyar, da manyan baƙi don kowa ya gani. Ta karɓa ta cinye takardar tana lumshe ido, ashe haka suke adana takardu a nan. Ta yi ɗan tuƙa, sannan ta ce ita wata huɗu da sati uku take ji a bakinta. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, na ce ni da jikina za a koya min lissafi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce akwai sati ɗaya da na yi a gadon asibiti ana ƙara min ruwa ina karkarwa, ko na so sha ba hali, wannan satin na likita ne ba nawa ba.

Ta ce saura shaida. Na ce kaf Funtuwa ba wanda bai san ni ba. Ta ce waɗanda suka gan ni ina sha sun riga sun ba da shaidarsu, ɗaki uku ta cika, har an fara ajiye wata a baranda.

"Wanda ya gan ka kana ƙin sha muke nema," in ji ta.

Na tsaya ina lalube a kaina, ban sami ko mutum ɗaya ba. Wa zai gani? Abu ne da nake yi ni kaɗai, da la'asar sakaliya, lokacin da ƙafata ke juyawa da kanta wajen layin dogo, in riƙe gindin dalbejiya sai abin ya lafa. Ma'aikacin asibitin ya ce in riƙa zuwa zaman da suke yi ran Talata da masu irin lalurata. Sau ɗaya na je, na tarar da wani direba da nake yi wa faci a zaune a wurin, kunya ta kama ni, ban sake komawa ba. Ban tsaya na yi tunanin shi ma abin da ya kai ni ne ya kai shi ba. Akuyar ta ce tunda ba shaida sai a yi gwaji, ta buga ƙararrawa da ƙaho.

Wani baƙin bunsuru ya shigo, shi ne babban mai sansane na ofishin. Warinsa ya riga shi shigowa da kamar minti biyu. Na so in ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma numfashina yana hannunsu, na haɗiye. Ya ja ni ɗakin ajiya. Numfashin mutane ne rataye a ƙusoshi jere-jere, kowanne kamar tif ɗin cikin taya. Na wani ladani siriri ne dogo, na wata mai sayar da barkono sai atishawa yake yi. Nawa ba sai an nuna min ba. Baƙi ne, ya yi nauyi har ya lanƙwasa ƙusar, kuma bakinsa duk a manne da kanumfari.

Kanumfarin nan ni na san tarihinsa. Shekara goma sha ɗaya kullum da shi a aljihuna, in na taso daga sha sai in watsa biyar a baki in shigo unguwa ina gaisawa da mutane da ƙarfi, ina jin na fi kowa wayo. Sai bayan na daina Lantana ta gaya min cewa har yaran layinmu sun san in Tanimu ya wuce yana ƙanshin kunun kanwa, to a ba shi hanya.

Bunsurun ya ce ba numfashin za a gwada ba, mazubinsa za a gwada, watau ni. Ga rabin duro cike da ruwa a tsakar ɗakin, irin nawa sak, har da tsatsar gefe. Awaki huɗu suka ɗaga ni suka lanƙwasa suka tsoma, suna juya ni taƙi-taƙi yadda nake juya tif in ina neman huda. Ban ji tsoro ba, sai ma na lura aikinsu da kyau, ba sa tsallake wuri. Suka tsoma bakina, ruwa shiru. Suka tsoma maƙogwaro, shiru. Da suka kai haƙarƙarin hagu sai kumfa ta fara fita, ƙanana a jere, kowace in ta fashe sai ta yi magana da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, da irin maganar da ya saba yi min tun ina ɗan shekara bakwai: dubi Haladu, dubi Haladu, dubi Haladu.

Akuyar, da ta biyo mu ɗakin, ta cire tabarau. Bunsurun ya ɗauko tsinken ashana ya soka a wurin don kada ya ɓace, yadda muke yi, sannan ya dube ni.

"Kai ne mai facin? Shekara goma sha ɗaya kana liƙe bakin tif, huda tana gefe."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Da a ce da shaye-shaye ya zage ni da na jure, na saba, amma a sana'ata ya taɓa ni, kuma gaskiya ya faɗa. Baƙin ciki ya taso min, na rasa ko na tsohona ne ko na kaina.

Suka ba ni kayan aiki in yi da hannuna. Na goge wurin da takardar yashi, da zafi. Na shafa sholisho. Ni da sholisho kullum muna tare amma ban taɓa shaƙarsa ba, kuma da wannan nake taƙama a da, in ga yaran tasha da tsumma a hanci in yi tsaki in ce sun lalace, alhali ni ina tangaɗi. To duk mai faci ya san ba a ɗora faci a kan ɗanyen sholisho. Sai an hura masa iska ya sha, ya daina sheƙi, sannan a manna. Na sunkuya zan hura, na tuna ba ni da abin hurawa. Akuyar ta ce ai ba a taɓa yin wanda ya hura wa haƙarƙarinsa ba ko da yana da numfashin, wuya ba ta kaiwa, in kira wani ya hura min. Na ce wa? Lantana tana ɗakin jego. Ta ce ga Haladu can yana wucewa. Na ce gara in mutu. Na leƙa taga na ga ruwan ya fara tsagaitawa, ɗigo ɗaiɗai yake tashi. Na manna facin a kan ɗanyen sholisho, aikin da nake zagin masu facin gaggawa a kansa, na saɓa numfashina a kafaɗa na fita. Akuyar ta bi ni da cewa in sa hannu, na miƙa mata hular kaina ta cinye.

Daga ofishin zuwa gidan Inna hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Na bi ta, ta kai ni rumfar bayan layin dogo inda na saba sha. Na juya na bi ta kasuwa, ta kai ni rumfar. Na tambayi wani mai rake, ya ce ai duk hanyoyin garin nan da la'asar nan suke zuwa, sai dai mutum ya ratsa ta ciki ya fita ta baya. Na ce to, na sa kai.

A cikin rumfar kwalabe ne zaune a kan bencina, sun harɗe ƙafa suna hira, mutane kuwa suna jere a kan kanta, wasu a cikin firji. Wata koriyar kwalba ta ɗaga hannu ta ce a kawo mata magidanci ɗaya mai sanyi. Aka sauko da wani, ta kafa kai ta sha rabinsa ta ajiye. A ƙarshen kantar na ga Jatau, abokina, wanda ciwon hanta ya kashe bara waccan. Saura kwatansa, daga ƙirji zuwa sama, idanunsa rawaya kamar yadda na bar su ranar ƙarshe. Ya yi murna da ganina, ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Duk duniya Jatau ne kaɗai bai taɓa ce min in dubi kowa ba.

Ya yi min barka da haihuwa. Ya dubi abin da ke kafaɗata ya ce haka zan je wa jariri da numfashi a sace, ba iska ko kaɗan? Ya ce ko salati ba zai ɗauka ba balle huɗuba, muryata rawa za ta yi a gaban surukai, Haladu yana tsaye yana kallo. Ya ce 'yar ledar giya ɗaya kawai, ta tayar da shi, ba sha ba ne, ƙarin iska ne. Na ce masa wata biyar. Ya ce ya ji an ce huɗu da sati uku. Koriyar kwalbar nan ta matsa ta ba ni wuri a benci, ta kira ni da sunan da mahaifiyata kaɗai ke kirana da shi. Gaskiyar magana ina so. Yawuna ya tsinke, duk jikina yana so kamar yadda mai azumi ke son ruwa. Na ce a'a. Na tabbata na ce a'a, na ji da kunnena.

Sai kawai na gan ni a ƙofar gidan Inna, da 'yar leda a hannuna, babu komai a cikinta, kuma ɗan guntun kusurwarta da ake cizgewa yana kan harshena.

Na tsaya ina juya ledar. Ban tuna na karɓa ba, ban tuna na ciza ba, ban tuna ɗaci ko zafi a maƙogwaro ba. Wataƙila a ƙasa na tsince ta. Wataƙila Jatau ne ya sa min a hannu don tsokana, halinsa ne. Wataƙila kuma ita ce ta sha ni, tunda haka ake yi a garin, to in haka ne laifin wa? Na taɓa kafaɗata, numfashin ba ya nan, ya koma cikina, ƙirjina yana hawa yana sauka, kuma ban san da wace iska ya tashi ba. A haƙarƙarina ina jin gefen facin yana ɗagowa a hankali. Ƙasa ta kusa bushewa, sai wani ɗan wuri a gindin bango da ke sakin ɗigo.

Zauren ya cika da mutane. Inna tana kan turminta, jaririn a cinyarta cikin zane, ba abin da ake gani sai kunnen dama, ƙarami, ya fara naɗewa daga sama. Haladu yana tsaye gefe cikin farar rigarsa yana gyaran murya. Bai yi min kallon banza ba, bai taɓa yi ba ma, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi. Daga cikin gida ina jin Lantana tana tambaya ko na iso.

Na sa hannu a aljihu na ji kanumfari, guda biyar, kamar an ƙirga min. Na san in na watsa su a baki rariyar ba za ta kama komai ba sai ƙanshi. Na kuma san a cikin wannan ƙanshin zan yi wa ɗana kiran salla, ya zama abin da ya fara shaƙa daga ubansa ƙarya ce. Na daɗe da hannuna a aljihun. Sannan na fito da shi ba komai, na tsuguna, na ajiye ledar a gaban Inna, na ɗaga kai na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarta.

Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba ko na sha."

Ta dubi ledar, ta dube ni. Ba ta kira Haladu ba, ba ta kuma miƙo jaririn ba. Rariyar ta ɗago ta kawo saitin bakina, ta ce ba a sani sai an hura. Na ja iska har ƙirjina ya yi zafi, na rufe ido na saki, sai abin da ya fito daga bakina ya zama tat-tat-tat-tarrrr, zauren duka yana girgiza.

Injin markaɗen maƙwabcina Malam Ɗanjuma ne. Gari ya waye tangaran, har na makara.

Na zabura na laluba aljihun rigata, na ɗaga katifa, na leƙa bayan ƙofa, ba leda ba kwalba. Na haɗa tafukana na hura na sansana, sau uku, amma hancin da ya yi min ƙarya shekara goma sha ɗaya ban ga dalilin yarda da shi yau ba. Na fita ba takalmi, na ratsa matan da ke layi da bokitan wake, na je har gaban Malam Ɗanjuma na ce don Allah ya kashe injin. Ya kashe. A gaban matan nan duka na ce ya taimake ni ya sansana bakina ya gaya min tsakani da Allah abin da ya ji. Ya dube ni jim, ya san tarihina sarai, bai yi dariya ba. Ya matso da fuskarsa na hura masa.

Ya ja da baya yana yamutsa hanci ya ce, "Daddawa ce da albasa. Je ka yi aswaki, Tanimu."

Na tsuguna a wurin tsakanin bokitai, kuka ya ƙwace min, na kasa tsayar da shi. Malam Ɗanjuma ya dafa kafaɗata ya tambaya ko an yi haihuwar ne.

Na ce masa tukuna.